Cikina wata bakwai an ce ina da ciwon hanta, ku ba ni shawara

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa, a ɓoye sunana. A Daura nake aure, cikin fari ne. Ban fara awo da wuri ba, maigida yana Kano wajen kasuwanci, Hajiyarsu kuma ta ce ita duk haihuwarta ba ta san ƙofar asibiti ba. Sai da ƙafata ta kumbura aka bar ni na je. Aka ɗibi jini, wai ina da hepatitis B. Ni ba inda ke mani ciwo, idona ma bai sauya ba. Wata mai kamawa zan tafi goyon ciki ƙauye wajen Innata. Jaririn zai ɗauka? Wallahi ko barci ba na iyawa.

Maman Biyu: Allah ya ba ki lafiya. Ni dai kar ki ba shi nono, ta nan ake ɗauka.

Anti Nas: A'a, kar ku sa ta hana yaro nono! Wajen haihuwa ne ake ɗauka, in jinin uwa ya taɓa jariri. Akwai allurar rigakafi da ake yi wa jariri, amma cikin awa 24 da haihuwa ake so a yi ta, sannan a bi da ta sati 6, 10 da 14. Jariran da suka kamu, kusan 9 cikin 10 cutar zama take yi a jikinsu, tana cin hanta a hankali har su girma. Ki koma a auna yawan ƙwayar cutar a jininki. In ta yi yawa, likita zai ɗora ki kan wani magani mai suna tenofovir, daga sati 28 na ciki ake farawa. Ƙanwata, a asibiti za ki haihu.

Uwargida: Hmm, asibiti. Ni da na haihu daren Juma'a cewa aka yi in dawo ranar rigakafi. Ga tsawa, ga harara, kana naƙuda ana yi maka faɗa.

Mai tambaya: Anti, ba zan iya cewa ba zan je gida ba. Haihuwar fari ce, kuma ungozomarmu ta ƙware, ita ta karɓe ni da aka haife ni.

Anti Nas: Ƙwarewarta ba ta kai ga allura ba. Wa zai ɗauki jariri zuwa gari ranar da kika haihu? Kuma ki kula da askar wanzami ranar suna. Maigidan naki an auna shi?

Mai tambaya: Ban faɗa masa ba tukuna. Ina tsoron abin da Hajiya za ta ce.

Maman Biyu: Ki bari sai kin haihu lafiya kawai.

Anti Nas: Yau za ta faɗa masa.