Littattafan yaƙi na Baffa sun fara lalacewa, in sayar ko in gyara?

Abu Hafsa: Salamu alaikum 'yan uwa. Da muka baro Omdurman ta Sudan a 2023, abin da na iya ɗaukowa daga ɗakin marigayi Baffa shi ne littattafan tarihin yaƙi na kamfanin Osprey guda bakwai, siraran nan masu shafi 48 da zanen sojoji mai launi a tsakiya. A ɗaya daga ciki nake duba jibbar Ansar, mayaƙan Mahadin Sudan, in zan yi wa 'yan sojojina na wasan tebur fenti, don yaƙin Karari na 1898 nake haɗawa, wanda Ansar suka gwabza da rundunar Ingila da Masar. Ga hoton sojojin nan na turo. Yanzu danshin Jidda ya sa takardun sun yi ɗigo-ɗigo, shafukan zanen suna ɓallewa. Wani ya taya. In sallama in koma duba hoto a waya?

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Kada ka kuskura ka manna salatif, nan da shekara biyu zai bar maka tabo ruwan ƙasa da ba ya fita. Sa kowanne a leda, ka jefa ƙunshin nan mai shan danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi, ka ajiye nesa da taga.

Ummu Yasir: Ƙanena, nawa ma aka taya? Kuɗin da ba zai kai ka ƙarshen wata ba. Ka ɗauki hoton shafukan ka buga, kwafin ya sha fenti a tebur, na Baffa ya huta a durowa.

Alhaji na Maiwurno: Allah ya ji ƙan Baffanka. Ɗana, mu da muka taso ba intanet, sai mu kwana a kan zane ɗaya, muna ƙirga facin jibba, shuɗi nan, ja can. Na taɓa zuwa gidan Halifa, magajin Mahadi, a Omdurman na ga jibba ta gaske, na ce ashe mai zanen bai yi ƙarya ba. Abin da ke ci mini rai, ban taɓa cin karo da irin wannan zane na Burmi ba, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a 1903, alhali sanadin zamanmu a bakin Nilu ke nan. Kar ka sayar.

Bashir: Tunda Karari kake yi, sojojin Kicina, kwamandan Turawa, kaki suka sa, kada ka shafa musu ja. Kuma ina baƙar tutar Halifa? Ban gan ta a hoton da ka turo ba.

Abu Hafsa: Na gode, na fasa sayarwa. Bashir, ashirin na riga na shafa wa ja. Da me ake wanke fenti?