Ɗiyata na son karanta kimiyyar kwamfuta, ina neman shawara

Hajiya: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ɗiyata ta kafe sai kimiyyar kwamfuta za ta cike a JAMB, mahaifinta kuma ya fi son aikin jinya, wai an fi samun aiki da wuri. Don Allah waɗanda suka san harkar su ba mu shawara.

Malamin lissafi: Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin komai, yaya take da lissafi? Yara da yawa suna shiga da zaton buga takardu za a koya musu, sai su ci karo da aljabara tun aji ɗaya. A JAMB za ta rubuta Turanci, lissafi da fiziks, na huɗun galibi kemistiri.

Hajiya: Lissafi kam Alhamdulillahi, ita ke koya wa ƙannenta.

Ɗalibar aji uku: To Mama, ku bar ta. BUK na da tsangaya guda ta kwamfuta, akwai kuma ABU Zariya da Jami'ar Tarayya ta Dutse, shekara 4 ne. A FUT Minna shekara 5 ake yi. Amma ku tanadar mata laptop, ko da na hannu ne, mai RAM (ƙwaƙwalwar aiki) 8GB da SSD (ma'ajiyar bayanai mai sauri). A ajinmu akwai masu rubuta Java (wani yaren rubuta manhaja) a takarda, su haddace, su ci jarabawa, amma a ce su kunna kwamfuta su gyara kuskuren layi ɗaya sai ido ya raina fata. Abin yana damuna ƙwarai.

Injiniya: Ƙanwata ta faɗi gaskiya. Duk wanda ya zo neman aiki wajenmu, abin da nake fara tambaya shi ne ya nuna min abin da ya gina, a GitHub (shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu) ko a wayarsa. Ta fara koyon yaren rubuta manhaja na Python tun yanzu, kwas ɗin CS50 na Harvard kyauta ne a intanet. Lokacin SIWES (zuwa koyon aiki a ma'aikata da ɗalibai ke yi) kuma kada ta yarda da ofishin da za a riƙa aikenta fotokwafi wata 6, ta nemi inda ake rubuta manhaja da gaske.

Alhaji: Ni dai na ga masu wannan digirin suna zaune a gida. Damuwar mahaifinta ba a banza take ba.

Injiniya: Haka ne Alhaji, akwai su, kuma ba zan yi alkawarin aiki ba. Sai dai ƙofofin suna da yawa: bankuna, kamfanonin sadarwa irin su MTN da Airtel, hukumomi kamar NITDA (ta bunƙasa fasahar zamani) da NIMC (ta katin ɗan ƙasa), tsaron intanet, nazarin bayanai. Wasu ma daga ɗakinsu suke yi wa kamfanonin waje aiki, in dai akwai wuta da data. Ta kuma duba shirin 3MTT na horar da matasa fasahar zamani da gwamnatin tarayya ta fara a 2023.

Hajiya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Zan nuna wa Alhajin nawa saƙonnin nan. Laptop ɗin fa, a ina zan samu mai kyau a Kano?

Ɗalibar aji uku: Titin Beirut, Mama. Ku tafi da wanda ya san kan abin, a gwada batir da allon kafin ku biya.