Wane suna za mu raɗa wa "sound symbolism" da Hausa?

Jama'a, ina neman hannun masu Hausa a baki. Akwai abin da Turawa ke kira sound symbolism, wato yadda kunne ke jin kalma ya ba ta siffa tun kafin a san ma'anarta. Reshe ɗaya nasa ne ya hana ni sukuni: da'awar cewa sautukan da ke cikin sunan mutum su ke gina halinsa, wai mai "l" da "m" a sunansa sanyin hali gare shi, mai "k" da "t" kuwa sai kazar-kazar.

Maganar tana da tushe, ba shaci-faɗi ba ce gaba ɗaya. A 1929 Wolfgang Köhler, Bajamushe masanin halayyar ɗan Adam, ya nuna wa mutane zane biyu, ɗaya mai tsini-tsini, ɗaya mai lanƙwasa, ya ce wanne ne "takete", wanne ne "baluma". Yawancinsu suka ba mai tsinin takete. A 2001 wasu masu bincike biyu, Ramachandran da Hubbard, suka maimaita gwajin da "kiki" da "bouba", a 2022 kuma aka gwada masu magana da harsuna 25, akasarinsu suka bi wannan hanya. Mu ma ba baƙi ba ne a nan. Faɗi "mitsitsi", sannan ka faɗi "ribɗeɗe", ka ji yadda bakinka ya tsuke a na farko ya cika a na biyu.

Shi ya sa da farko na so in ɗauko "amsa-kama" kawai. Amma malaman nahawu sun riga sun ba ta aiki: ita ce sunan kalmomi irin su fat, ƙirin, wur da tsit. Rukunin kalmomi ne, abin da muke nema kuwa ɗabi'ar kunne ce, wadda take aiki har a kan sunan da ba ka taɓa ji ba. In muka ɗora mata kaya biyu, ɗalibi ne zai sha wahala.

Wani ya ba ni "tasirin sauti". Tana da daɗin faɗi, amma ban yarda da ita ba, kuma a nan ne zuciyar maganata take. Tasiri a kan wa? Duk wanda ya ji "tasirin sautin suna" zai ɗauka an tabbatar cewa suna yana juya mai shi. Binciken bai ce haka ba. David Sidhu da Penny Pexman na Jami'ar Calgary a Kanada, tare da abokan aikinsu, sun fitar da sakamako a 2019: mutane suna jingina sauƙin kai ga sunaye masu m, n, l, suna jingina son shiga jama'a ga masu p, t, k. Da suka auna halin masu sunayen na gaskiya, ba su ga wannan alaƙa ba. Ashe abin a kunnen mai ji yake zaune. Muna cewa suna linzami, gaskiya ne, amma karin maganar a kan ma'ana da fatan iyaye take, ba a kan baƙaƙe da wasula ba. Ina jin tsoron kalmar da za ta sa uwa ta guji kyakkyawan suna don kawai akwai "k" a ciki.

Ga abin da na tsaya a kai. Fannin gaba ɗaya mu kira shi "alamcin sauti", tunda masu nazarin adabi sun san alamci, wato wani abu ya zama alamar wani, ba sai an yi dogon bayani ba. Shi kuwa hukuncin da ake yanke wa mutum daga amon sunansa, mu ce masa "zaton kunne". Kalmar zato ta riga ta gaya wa Bahaushe cewa ba tabbas, kunne kuma ya nuna inda abin ya faru. Gwada ta a jimla: "Bai taɓa ganin yarinyar ba, zaton kunne ne ya sa ya ce mai sanyi ce." Ta zauna daram.

Inda nake ɗan ɗari-ɗari shi ne kada a ɗauka jita-jita ake nufi, wato abin da aka ji a bakin mutane. Malamai, in kun ji haka a kunnenku, ku faɗa mini, sai mu gwada "zaton amo".