Camaro 1979: a mayar mata da 350, ko a ɗora 5.3 na Tahoe?

Mai Camaro, Mabera

Assalamu alaikum masana. Akwai Chevrolet Camaro ƙirar 1979 da ake son tayarwa nan Sakkwato. Bodi lafiya lau, babu tsatsa, amma injinta na asali, wato 305 (lambar girman inji ce a inci kubik, haka ma 350), ya buga. Giyarta TH350 ce mai canji uku, aksul na baya kuma mai noti goma ne. Abu uku aka kawo mini: a nemo 350 mai kafireta, ko inji mai lita 5.3 na Tahoe ko Silverado, ko 2UZ na Land Cruiser tunda shi ne ya fi yawa a kasuwa. Ba tsere za a yi da ita ba. Yawo ne cikin gari, wani lokaci Birnin Kebbi, kuma ana son AC ya yi aiki a watan Afrilu. Wanne ya fi, kuma da wace giya za a haɗa shi?

Bakanike, Gawon Nama

Wa alaikumus salam Malam. Fara cire 2UZ daga lissafi. Inji ne nagari, amma kawunansa masu kamshaf bibbiyu sun sa shi faɗi, kuma babu abin da ya dace da Chevrolet a jikinsa: kujerar inji, giya, salansa, waya, duk sai an ƙera daga farko. Wahala mai yawa a kan ƙarfin da 5.3 ya fi shi.

Ni 5.3 zan ce, nau'in LM7 na 1999 zuwa 2006. Ƙarfinsa doki 270 zuwa 295 gwargwadon shekara, wajen ninki biyu na 305 ɗin da ya mutu. Matsin silindarsa 9.5 ne bisa 1, ba ya ƙorafi da man da muke sha a gidajen mai. Ka guji na 2007 zuwa sama masu kashe silinda huɗu don tsimin mai, lifta ɗinsu, wato ƙarfen da kamshaf ke turawa don buɗe bawul, kan maƙale ta cinye kamshaf.

Sharaɗi ɗaya: kada ka sayi inji tsirara. Ka saye shi da giyarsa mai canji huɗu, 4L60E, da kwamfutarsa, da dukkan wayoyinsa ba a datse ba, da sensar iska, duk daga mota ɗaya. In na 2003 ne zuwa sama, galibi totur ɗinsa na lantarki ne, don haka sai ka karɓo fedar totur da ɗan akwatin da ke tsakaninta da kwamfuta. Giyar kuma ta zama ta mota mai ja da baya kaɗai. Ta mai ja da ƙafa huɗu sandar fitarta daban ce, sai an wargaza giyar gaba ɗaya kafin a canja ta.

Ko a kasuwar kayan mota ta Ladipo a Legas ne ko ta Kofar Ruwa a Kano, ka sani 4.8 da 5.3 kamarsu ɗaya daga waje, bulok ɗinsu ɗaya ne. Cire filogi ka zura ƙaramar kyamara: fistin 4.8 samansa shafe yake, na LM7 yana da ɗan kwarmi. In motar da aka ciro shi tana nan, harafi na takwas a lambar shasi shi ne shaida: T na LM7 ne, V na 4.8, U na 6.0. A auna matsin kowace silinda, kada tazarar babba da ƙarama ta wuce kashi 10 cikin ɗari. A buɗe murfin kai, in ka ga bakin mai ya koma kamar kunu, ruwa na shiga. Wasu kawuna masu lamba 706 an san su da tsagewa.

Wurin ɗorawa, ga inda ake shan wuya. Kwanon bakin mai na babbar mota zurfinsa ya kai inci 8, zai leƙo ƙasan ƙarfen giciye na gaban Camaro, tudun rage gudu na farko zai fasa shi. Ana canja shi da na Camaro 1998 zuwa 2002 ko irinsa, tare da bututun tsotson mai da sandar awo, ba kwanon kaɗai ba. Ka kula da ɗan zoben roba na bakin bututun. In ya tsinke ko ya zauna a karkace, famfo zai riƙa tsotsar iska, ƙarfin mai ya faɗi, sabon aiki ya koma tsoho. Kujerar inji kuwa ana sa faranti mai haɗa ramukan LS, wato dangin injunan da 5.3 ke ciki, da tsohuwar kujera. Kwamfaresar AC na nan ƙasa ta dama, tana karo da shasi, sai a ɗago ta sama da wani maƙali. Kafin ka rufe bonet, ɗora curin laka a kan altaneta da saman inji, ka rufe a hankali, ka auna abin da ya rage.

Dattijo, Runjin Sambo

Ɗana, abin da Bakanike ya hwaɗi gaskiya ne, amma a ji ta ɗaya gefen. 350 da 305 jiki ɗaya ne daga waje. Kujera, salansa, giya, lagireto, wayoyi, duk abin da ke ga motar shina hawa kai ba yanka ba walda. Aikin kwana biyu ne, kuma duk bakaniken da ya san kafireta shina iya taɓa shi ko a Tambuwal ta tsaya maka. In 5.3 ta ƙi tashi bakin hanya, wa za ka kira?

In anka samu 350 na 1996 zuwa sama, mai kawunan Vortec, shi ne zaɓi: doki 255, kuma kamshaf nai mai nadi ne, wato lifta nai na da 'yar taya mai gangarawa bisa shi. Sai dai shina son manifol nashi na daban mai noti takwas, kuma da yawa ba su da wurin famfon mai na jikin inji, sai a sa na lantarki mai ƙaramin ƙarfi, psi 5 zuwa 7 ga ma'aunin matsi. Farantin da ke haɗa inji da giya ma ya canza tun 1986, na 305 ɗinka ba ya hawa. In kuwa tsoho anka gyara da sabon kamshaf marar nadi, tashin farko a riƙe shi juyi 2,000 zuwa 2,500 na minti 20 da mai mai sinadarin zinki, in ba haka ba kamshaf ya suɗe cikin mako.

Aibinsa ɗaya ban ɓoye ba: zafi. In rana ta wuce digiri 40, ka kashe mota ka shiga masallaci, mai shina tafasa cikin kafireta da bututu, ka fito ta yi ta gurnani ba ta tashi. Maganin a sa faranti marar ɗaukar zafi ƙarƙashin kafireta, a nisanta bututun mai da salansa, a yi layin da ke mai da rarar mai tanki. Shan mai kuwa, da giya uku, sai haƙuri.

Riwaya, Arkilla

Baba, Allah ya ƙara girma, tambayar wa za a kira tana da amsa yanzu: na'urar karanta laifin mota ta cika gari, kuma kwamfutar 5.3 tana magana da kowace irinta. Abin da ke kashe irin wannan aiki ba kwamfuta ba ce, aikin waya ne na ganin dama.

Na farko, sai an goge tsarin hana sata daga kwamfutar. In ba a goge ba injin zai tashi, bayan kamar daƙiƙa biyu ya mutu, a yi ta canja famfo da filogi a banza. A wannan zaman ne ake cire sensar salansa ta baya, a shigar da girman taya da lissafin aksul (wato sau nawa sandar da ke fitowa daga giya ke juyawa kafin taya ta juya sau ɗaya), don giyar da su take sanin lokacin canji. Sannan wayar ƙasa, wato as, uku ce: batir zuwa inji, inji zuwa shasi, da waɗanda ke bayan kawunan inji. Rabin laifukan da ake ɗora wa kwamfuta daga nan suke.

Mai: 5.3 yana son psi 58, ninki goma na kafireta. Tsohon tiyo zai fashe, kuma gobara ce. A sa famfo cikin tanki mai lita 255 a awa, da bututu inci 3/8, da tiyo na injekta. Tsohon tanki ba shi da shinge a ciki, in mai ya yi ƙasa ka sha kwana sai famfo ya kama iska, don haka a yi masa ɗan kwano kewaye da famfon. Injunan farko suna da mai daidaita ƙarfin mai a kan inji da layin komawa. Waɗanda suka biyo bayansu ba su da shi, sai a sa matatar Corvette ta 1999 zuwa 2004, wadda ke tacewa ta kuma tsayar da shi a 58.

Sanyaya kuwa, ina roƙo kada a bi al'adar cire tamostat. A wannan injin yana buɗewa a wajen digiri 86, kuma shi ne ke toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke zagayawa cikin inji. Ka cire shi, wani ruwan ya daina zuwa lagireto, zafi ya ƙaru maimakon ya ragu. Akwai kuma siririn bututun tururi a gaban kawuna. Dole a kai shi lagireto ko babban tiyon sama, kada a toshe. Lagireto na alminiyam mai layi biyu masu faɗi, fanka biyu da murfin da ya rufe fuskar lagireton duka, da na'urar sanyaya man giya ta daban a gaba.

Abu biyu na garinmu. Ƙurar hunturu tana rufe sensar iska, saboda haka matatar iska ta takarda cikin akwati, ba buɗaɗɗiya mai shan mai ba. Sannan a hana masu wanki watsa ruwa saman inji: sensar ƙwanƙwasa guda biyu na cikin ramuka ƙarƙashin manifol, ruwa ya kwanta ciki su yi tsatsa, kwamfuta ta rage wa injin ƙarfi.

Mai Camaro, Mabera

Na gode ƙwarai. To in na ɗauki 5.3 amma na bar TH350 ɗina don rage kuɗi fa?

Bakanike, Gawon Nama

Tana hawa, Malam, ramukan noti sun dace ban da ɗaya. Sai dai bayan karanshaf na LS ya gaza na tsohon inji da inci 0.4, saboda haka hancin kwanbata, wato tulun man da ke miƙa ƙarfin inji ga giya, ba ya samun wurin zama. Ana sa masa ɗan hannun riga na ƙarfe, a gyara ramukan farantin da ke haɗa inji da giya. In aka tsallake wannan, kwanbata ta yi ta rawa har ta cinye famfon giya.

Amma duba lissafi tukuna. Ɗaga bayan motar, ka juya taya, ka ƙirga juyin farfela, wato sandar da ke tsakanin giya da aksul, don sanin lissafin aksul ɗinka. Da taya mai tsayin inci 26 a gudun kilomita 120, aksul 3.42 da TH350 zai riƙe inji a wajen juyi 3,300. Da 4L60E, wadda giyarta ta huɗu 0.70 ce, ya sauko wajen 2,300. Juyi dubu ke nan na zafi da mai da ƙara. In kuwa aksul ɗinka 2.56 ne, TH350 na ba ka wajen 2,470, babu laifi a hanya, sai dai tashi ya yi nauyi. Aksul 2.56 ɗin da 4L60E kuwa, juyin inji zai faɗi wajen 1,730, giya ta riƙa kai-komo tsakanin uku da huɗu, abin da ke ƙona kulochinta na 3-4, wanda dama nan ne rauninta. Da giya mai huɗu, 3.42 ne daidai.

4L60E ta fi TH350 mai gajeren wutsiya tsawo da kamar inci 3. Za a ja ƙarfen da take zaune kai baya, a rage farfela a wurin masu injin juya ƙarfe, a daidaita nauyinta, ba a yanka a yi walda da ido ba. Karkatar giya da ta hancin aksul su zo daidai cikin digiri ɗaya, in ba haka ba za ka ji girgiza daga kilomita 80. Agogon gudu na Camaro na igiya ne, 4L60E kuma lantarki take bayarwa, sai na'urar juyawa ko sabon agogo. Birkin baya na ganga ne, a sabunta shi da tiyoyin birki duka kafin fita gwaji, sannan a kai takardu a sauya lambar inji.