Wa Ya Ce Mana Ƙauye?

Ɗan Tireda: Assalamu alaikum jama'a. Yau sai na faɗa, wanda zai ji haushi ya ji. Wata na bakwai ke nan famfon sola na bakin kasuwa bai kawo ko ɗigo ba, tun da injin ya ƙone. Da asubar nan 'yata mai shekara tara ta tafi rijiyar bayan maƙabarta, ba ta dawo ba sai da aka kaɗa ƙararrawar makaranta, ta shigo da rabin jarka, ruwan kamar kunun kanwa. Jarkar 'yan ga-ruwa ta koma naira 150. Amma duk ranar kasuwa 'yan rebenu na nan da rasit a hannu, 200 kowace rumfa, ba fashi. Ina kuɗin ke zuwa? An ce tun 2024 Kotun Ƙoli ta ce a ba ƙananan hukumomi kuɗinsu. Ni dai na ce ƙaramar hukumarmu ba ta tuna da ƙauyen nan sai ranar karɓa.

Uwar Biyu: Wallahi gaskiyarka. Mu da ke wanki mu muka san halin da ake ciki.

Jikan Dagaci: Wa alaikumus salam. Wane ƙauyen?

Ɗan Tireda: Namu mana. Akwai wani?

Jikan Dagaci: Malam, gyara kalamanka. Garin da ke da ganuwa tun kafin zuwan Turawa, da masallacin Juma'a biyu, da kasuwar da ake zuwa daga jihohi uku, shi za ka buɗe baki ka kira ƙauye a gaban mutum 200 na zauren nan? Ka janye.

Alhaji na Legas: Ni ma abin ya tsaya min a wuya. Shekarata 22 a Agege, duk wanda ya tambaye ni cewa nake garinmu. Ban taɓa cewa ƙauyenmu ba.

Direban Tasha: Alhaji ganin kitse kuke wa rogo daga nesa. Ku zo ku bi hanyarmu da damina. Jiya sai da fasinja suka sauka suka tura ni a kwalbatin nan da ya karye. In ba ƙauye ba ina ake wannan?

Jikan Dagaci: Hanya daban, asali daban.

Ɗan Tireda: Jama'a ni maganar ruwa na kawo.

Na Abuja: Bari in sa baki da abin da na sani. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Antoni Janar Lateef Fagbemi ya shigar a kan gwamnoni. Ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, a daina tsare shi a hannun jiha, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓu ya naɗa kantomomi. Kasonsu a rabon arzikin ƙasa kashi 20.6 ne cikin 100. Sannan tsarin mulkin 1999 ya lissafa ayyukansu: kasuwa, tashar mota, mahauta, maƙabarta, magudanan ruwa, kwashe shara. Wanda ya karɓi kuɗin rumfa dole a tambaye shi. Amma batun ƙauye, a lissafin masu ƙidaya sai wuri ya kai mutum 20,000 ake sa shi a sahun birane. Mun kai?

Jikan Dagaci: Mun wuce nesa ba kusa ba.

Na Abuja: Da wane lissafi? Rabon Najeriya da ƙidaya tun 2006.

Jikan Dagaci: Ka zo ranar hawan sallah ka ƙirga da idonka. Au na manta, kai rabonka da sallah a gida tun da aka ba ka ofis mai sanyi.

Na Abuja: Yaya, wannan kuma ya fita daga magana.

Alhaji na Legas: Kakana ya gaya min da bakinsa cewa Bature D.O. ya kwana biyu a garin nan. Bature yana kwana a ƙauye ne?

Direban Tasha: Ai rangadin haraji ya kawo shi, Alhaji. Har a ruga yana kwana in akwai jangali. Kun ga ke nan tun can ranar karɓa ake tunawa da mu, maganar Ɗan Tireda ta fito.

S.A. (mataimaki na musamman) na Kansila: Ina karanta komai tun ɗazu na yi shiru. Na farko, wannan famfon ba ƙaramar hukuma ta haƙa ba, aikin mazaɓa ne na ɗan majalisar tarayya, ku je ku karanta allon da ke jikin tankin. Na biyu, mai girma Kansila ya riga ya rubuta takarda, tana kan teburin mai girma Ciyaman. Na uku, mun san masu tura wasu su zo su ɓata sunan garin nan saboda zaɓe ya matso.

Ɗan Tireda: Wa ya turo ni? Ƙishirwa ce ta turo ni. Allon da kake magana ma ai yara sun cire shi tuntuni an yi ƙofar akurki da shi.

Uwar Biyu: Takardar nan tun kafin azumi muke jin labarinta. Teburin Ciyaman ɗin rijiya gaba dubu ne?

S.A. na Kansila: Hajiya da girmanki. Ki bar wa maza wannan maganar.

Uwar Biyu: In bar wa maza? Kai ka taɓa ɗaukar bokiti a ka tun daga bayan maƙabarta? Ranar zaɓe layinmu ya fi naku tsawo, ranar ba ku ce mu bar wa maza ba. Sabulu da taliya kuka bi mu da su har cikin gida. Kuma ni na goya ka, kada ka manta, har fitsari ka yi min a zane.

Direban Tasha: Hhhhh S.A. ka taɓo wa kanka.

S.A. na Kansila: Allah ya ba ki haƙuri Anti, ba haka nake nufi ba.

Tsohon Hedimasta: Yara ku saurara. Ku duka kuna da gaskiya kuma ku duka kun kauce. A Hausa gari shi ne inda mutane suka zauna suka kafu, babba ne ko ƙarami. Shi ya sa mutumin da ya fito daga gida goma ma zai ce maka za shi garinsu. Birni kuwa asalinsa wurin da aka kewaye da ganuwa. Ƙauye kuma a bakin ɗan birni yake yin ɗaci, don da raini yake furta shi. A tsarin sarauta mai unguwa yana ƙarƙashin dagaci, dagaci yana ƙarƙashin hakimi, hakimi yana ƙarƙashin sarki. Mu dagaci gare mu. To ku yi wa kanku hisabi.

Jikan Dagaci: Allah gafarta Malam, da kunyarku nake magana, amma kun fi kowa sanin cewa hakimci namu ne aka karkatar. Da aka ƙirƙiro sababbin ƙananan hukumomi a 1996 zamanin Abacha, mu ya kamata a ba hedikwata. Mutanen garin can na bakin titi suka bi ta bayan fage don suna da ɗa a soja. Garin da kakanninsu a kasuwarmu suke sayen gishiri!

Ɗan Bakin Titi: To fa. Ni ina zamana lafiya an taɓo mu. Sakatariya dai tana wurinmu, babban asibiti yana wurinmu, ofishin 'yan sanda yana wurinmu. Ku kuma sha-ka-tafi gare ku, shi ma in an je sai a ce a sayo allura a kemis.

Alhaji na Legas: Wa ya saka wannan a zauren nan? Sakatare!

Ɗan Bakin Titi: Uwata 'yar garinku ce, Alhaji. Kai kawuna ne ko ka so ko ka ƙi.

Alhaji na Legas: To ɗan ƙanwa ba ya zagin gidan kawunsa.

Direban Tasha: Ku da kuke taƙama da sakatariya, ranar Litinin na kai fasinja neman takardar shaidar zama ɗan ƙasa. Ƙarfe 11 na safe ba kowa sai maigadi da awaki a inuwar darbejiya. Aka ce sai ƙarshen wata in an zo albashi.

Ɗan Bakin Titi: Awakin ma ai na sakatariya ne, ku kuna da su?

Tsohon Ɗan Santsi: Ni abin da ya ba ni dariya masu kukan 200. A zamanin En'e haraji ake bi gida gida, wanda bai biya ba dogari ya tasa ƙeyarsa, wani ma ya gudu ya bar gari da iyalinsa. Sai 1979 da Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali talaka ya miƙe ƙafa. Wannan aikin jam'iyyar PRP ne, a rubuta a ajiye.

Jikan Dagaci: Amma a zamanin En'e ɗin akwai duba-gari, Baba. Yana shiga gida ya leƙa randa, in ya ga ƙazanta a ci ka tara. Rijiya ba ta lalacewa a bar ta wata bakwai. Tun da aka yi gyaran 1976 aka karɓe iko daga hannun sarakuna aka ba 'yan siyasa komai ya taɓarɓare.

Tsohon Ɗan Santsi: Dole ka yabi En'e, ai gidanku ake tara kuɗin kafin a kai baitulmali.

Jikan Dagaci: Baba kada ku taɓa min kakanni.

Tsohon Ɗan Santsi: Ni kakan naka ya sa aka ɗaure ubana a rana saboda sule biyar. Ina nan da raina, ban manta ba.

Tsohon Hedimasta: Subhanallahi. Ku bar tone-tone, duk waɗanda kuke magana a kansu suna ƙasa.

Na Abuja: Mu koma kan kuɗi don Allah. Matsalar ita ce ko an tura kuɗin kai tsaye, wa ya ɗora ciyaman ɗin? Hukumar zaɓe ta jiha ce ke shirya zaɓen. Ku duba 2024: a Kano NNPP ta kwashe kujeru 44 duka, a Kaduna APC ta kwashe 23, a Bauchi PDP ta kwashe 20. Wanda gwamna ya ba kujera, gwamna zai kalla, ba mai tireda ba.

S.A. na Kansila: Namu zaɓen dai halastacce ne, jama'a suka fito.

Direban Tasha: Wace jama'a? A rumfarmu ƙarfe 2 na rana ba a kawo akwati ba, da la'asar muka ji sakamako a rediyo.

S.A. na Kansila: Kana da hujja?

Direban Tasha: Idona ne hujja.

S.A. na Kansila: Ido ba hujja ba ne. Kuma me ya sa Na Abuja ya fara da Kano? Mun gane inda ka dosa.

Na Abuja: Jam'iyyu uku na ambata fa.

Ɗan Bakin Titi: Ku dai ku amsa sunanku kawai. Ba abin kunya ba ne, kowa da ƙauyensa.

Alhaji na Legas: Sakatare in ba ka fitar da yaron nan ba ni zan fita, kuma kuɗin da na yi alkawari na katangar maƙabarta ku nemi mai ba ku.

Uwar Biyu: Alhaji, alkawarin da ya shekara uku?

Ɗan Tireda: Na janye kalmar. Gari ne, birni ne, ku kira shi Dubai in kun ga dama. Mai gyara ya ce injin ne kawai za a sauya. Ko mu yi karo-karo, ko mu haɗa mutum biyar su je sakatariya. Wa zai je?

Jikan Dagaci: Wannan ba janyewa ba ce, gatse ne. Ka fito fili ka ba gari haƙuri.

Ɗan Tireda: Ikon Allah.

Jikan Dagaci: Ai ba mamaki. Wanda kakansa cin rani ya kawo shi ba zai san darajar ganuwa ba.

Ɗan Tireda: A nan aka yanke min cibi, a nan aka binne ubana. Ganuwar da kake faɗa kuma ku kuka yanka ta fuloti kuka sayar, har da ramin da ake ɗibar ƙasa.

Jikan Dagaci: Ka kawo takarda!

Uwar Biyu: Ni na tafi, gobe da asuba akwai layi.

Sakataren Zaure: Assalamu alaikum. Na rufe rubutu sai gobe bayan azahar. Ga taƙaitawar abin da aka tattauna don waɗanda ba su nan.

Wani ɗan uwa ya yi suɓutar baki ya kira garinmu mai tsohon tarihi da sunan da bai dace ba, manya suka yi masa gyara, kuma alhamdu lillahi ya janye. An tabbatar da hujjoji masu ƙarfi, ciki har da ganuwa da kwanan Bature D.O., cewa nan gari ne, kuma Malam Hedimasta da kansa ya nuna haka a bayaninsa. An kuma yi ittifaƙi cewa zalunci aka yi mana a 1996.

Game da famfo, ofishin mai girma Kansila ya yi gamsasshen bayani cewa ba aikin ƙaramar hukuma ba ne, amma duk da haka saboda kishinsa ya rubuta takarda, don haka sai a ƙara haƙuri. Kasancewar Kansila yayana ba shi ya sa na faɗi haka ba, kowa ya ga abin da aka rubuta. Maganganun da wasu mazauna nesa suka kawo na kotu da jam'iyyu ba su shafe mu ba, wannan zaure ba na siyasa ba ne.

An fitar da Ɗan Bakin Titi. Ɗan Tireda da Direban Tasha za su huta na kwana uku. Muna godiya ga Alhaji na Legas bisa sabunta alkawarinsa na katanga. Waɗanda ba su biya kuɗin wata ba, naira 500 ne, a kai shagon Ma'aji kafin Juma'a.