Tawakkali ne ko Mutuwar Zuciya?

Malamin gona, Birnin Kebbi: Jama'a, ina da maganar da ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Ba rashin kuɗi kaɗai ke danne manomin ƙauye ba, har da rashin buri. Ka ce wa mutum ya sayi ingantaccen iri, ko ya bar buhu biyu a rumbu har bazara, sai ya ce maka abin da Allah ya rubuta ba makawa. Da kaka ya sayar da arha, da damina ya sayo da tsada. Ni ban kira wannan tawakkali ba, mutuwar zuciya ce.

Manomin fadama, Argungu: Ɗana, sassauta. Mai sayarwa da kaka ba don son ransa ba ne. Mai taki na jira, mai fetur na jira, 'yan yankan shinkafa na jira, ga maras lafiya a gida. Ka tuna ambaliyar 2020, da ruwa ya cinye shinkafa tun daga Argungu har Suru da Bagudo? Wanda ya ci bashi ya zuba a fadama shi ya fi kowa shan wuya. Mai 'yar gonar gero a tudu, wanda kake kira maras buri, shi ya ciyar da gidansa a shekarar.

Malamin Islamiyya, Gwandu: Kada dai a jingina wa addini abin da bai ce ba. Mai raƙumin da ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya ɗaure ko ya saki ya dogara ga Allah, ce masa aka yi ya ɗaure sannan ya dogara. Annabi Yusuf kuwa umurni ya bayar a yi noma shekara bakwai, a bar hatsi a zangarniyarsa saboda shekarun fari. Imani da ƙaddara na sanyaya zuciya ne bayan asara, bai hana tanadi kafinta.

Hajiya mai adashi, Jega: Malamin gona, kana shiga cikin gidaje kuwa? Matar da ke zubin adashi duk ranar kasuwa, ta sayi tunkiya, ta turke rago wata shida don Babbar Sallah, wa ya ce ba ta tunanin gobe? Tanadin yana nan, ba a banki yake ba.

Ɗaliba, jami'ar Aliero: Inna, gaskiyarki, amma maganar Malamin gona ma tana da tushe. An yi wani bincike a ƙauyukan Doba da ke gabashin Habasha. An nuna wa manoma gajerun finafinan mutane irinsu da suka yi nasara a noma ko ƙaramar sana'a, ba a ba su ko sisi ba. Bayan wata shida, waɗanda suka kalla sun fi sauran yin ajiya, sun kuma fi kashe kuɗi a karatun 'ya'yansu. Wato ganin na kusa da kai ya ci gaba yana ɗaga buri.

Ɗan Zuru mazaunin Kaduna: Ƙanwata, ki kai wannan fim ɗin yankinmu na Danko-Wasagu ki gani. Shanu su ne asusun mutanenmu, a dare guda ake kore su. Ka sa kwanon rufi ko ka sayi sabon babur, ka zama abin nunawa ga 'yan bindiga. Bayan sace ɗaliban Birnin Yauri a 2021, uban da ya ƙi tura 'yarsa makarantar kwana ba ƙaddara ta hana shi ba, tsoro ne mai dalili.

Malamin gona: Ban musa ba. Amma a Nuwamban 2015 a nan Birnin Kebbi Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa na Babban Banki. Da yawa sun ɗauke shi rabonsu ne daga gwamnati, ba jari ba. Wannan ma 'yan bindiga ne?

Manomin fadama: Madalla da ka kawo shi. Wasu sun ci, na yarda. To amma su waye suka haƙa rijiyoyin fadama, suka sayi injin ban ruwa, suka cika ko'ina da shinkafar rani? Mutanen nan ne da ka ce ba su da buri. Da suka ga farashi ya yi kyau, ga masana'antar sarrafa shinkafa ta WACOT ta buɗe a Argungu a 2017 tana saye, ba wanda ya tsaya yi musu wa'azi. Da aka cire tallafin mai a 2023, fetur ya haura naira 500, sai da yawa suka rage filin rani. Lissafi suka yi, ɗana.

Hajiya mai adashi: Inda zan bi bayan Malamin gona guda ne. Uba zai sayar da tunkiya ya sayi taki, amma karatun 'ya mace sai ya ce ai gidan wani za ta. Har a garuruwan da ba ambaliya, ba ɗan bindiga, haka ake. Kuɗin adashin uwa ma a kayan ɗaki yake ƙarewa.

Ɗaliba: Shi ya sa na kawo zancen Habasha, Inna. A ƙauyenmu sai da aka ga 'yar gari ta dawo tana aikin ungozoma a asibiti, sannan iyaye suka fara barin yara mata su wuce firamare.

Manomin fadama: Wannan kam ba ni da ja. Malamin gona, injin ban ruwa mai aiki da hasken rana da kuke ta talla, akwai inda ake bayarwa a biya bayan girbi? In akwai, ka sa sunana da na 'ya'yana biyu.