Taimako: an yi kuskure a lambar matric ɗina, ga rajista za a rufe

Salam 'yan uwa. Ina aji 2 a wata jami'ar jiha, an ƙara mana kuɗin makaranta wannan zangon shi ne na ce bari in nemi bashin ɗalibai na NELFUND (asusun ba ɗalibai bashi na gwamnatin tarayya) tunda ba ruwa a kai kuma makaranta ake turawa kuɗin kai tsaye. NIN ɗina da BVN da lambar JAMB duk sun shiga lafiya, matsalar daga makarantarmu take, wajen tura bayanan ɗalibai sun rubuta 7 inda ya kamata a sa 1 a lambar matric ɗina, don haka sunana ba ya fitowa sam a shafin NELFUND.

Sau uku ina zuwa ofishin ICT, na kai takardar admishan da katin makaranta, na rubuta wasiƙa ta hannun HOD (shugaban sashenmu), kullum sai a ce "ka dawo jibi". Sati biyu kenan. Ga rajista saura kwana 9 a rufe, bayan nan sai da tara, kuma wallahi ɗan abin da nake samu a shagon cajin waya ko rabi bai kai ba.

Wanda ya taɓa shiga irin wannan, ofishin wa ya kamata in je a gyara lambar kafin a rufe?